Zangunan masu ziyarar ibada na Kiristocin farko: abin da tonon ƙasa ya nuna da abin da ake taƙaddama a kai

A watan Yulin 2025 hukumar UNESCO ta cire kufan Abu Mina na ƙasar Masar daga jerin wuraren tarihin da ke cikin haɗari, bayan ya shekara 24 a cikin jerin. Wannan ya sake jawo hankali kan wurin, wanda a ƙarni na 5 da na 6 miladiyya gari ne guda da ya rayu da saukar baƙi masu ziyarar kabarin Waliyyi Mina. Daga hamadar Negev ta kudancin Isra'ila da bakin tafkin Maryut na kusa da Iskandariyya ma akan ji masu tonon tarihi suna sanar da cewa sun gano masaukin irin waɗannan baƙi. Mai jin labaran zai iya ɗauka cewa wata hukuma ce ta zauna ta tsara zanguna daga Turai har Urushalima, birnin da Musulmi ke kira Ƙudus, kamar yadda Zubaida matar Haruna Rashid ta sa aka wadata hanyar Kufa zuwa Makka da rijiyoyi da tafkuna. Ba haka abin ya faro ba. Masu ziyarar farko sun tarar da hanyar gwamnatin Rum a shimfiɗe ne suka bi, kuma inda suke kwana iri-iri ne, kowane da mai shi da dokarsa. Wahalar masu bincike ita ce, bayan shekara 1,500 duk sun zama tushen bango da tsingaro, sun yi kama da juna.

Abu huɗu da muke haɗawa mu ce zango

Na farko shi ne mutatiyo, kalmar Latin mai nufin canji. Ƙaramar tasha ce ta gidan wayar daular Rum, inda manzon sarki ke ajiye dokin da ya gaji ya hau wani. Ba a gina ta domin kwana ba. Na biyu shi ne mansiyo, daga kalmar da ke nufin tsayawa: a nan ake kwana, akwai ɗakuna da barga, galibi da gidan wanka da maƙera. Duka biyun na gwamnati ne, tsarin da sarki Agustas ya kafa, kuma ba mai samun doki ko abinci kyauta a cikinsu sai mai takardar izini daga hukuma.

Na uku shi ne fandokeyon, kalmar Girkanci mai ma'anar wurin da ke karɓar kowa. Masaukin kuɗi ne, na ɗan kasuwa, irin gidan fatoma da fatake suka sani. Ita ce kalmar da Linjilar Luka ta yi amfani da ita a misalin Basamariyen da ya kai wanda 'yan fashi suka raunata masauki, ya biya masa dinari biyu. Daga gare ta Larabci ya sami funduƙ.

Na huɗu shi ne zenodokeyon, gidan baƙi na sadaka da coci ko gidan 'yan zuhudu ke ɗaukar nauyinsa. Wannan ne sabon abin da Kiristanci ya kawo wa hanya a ƙarni na 4. A rubuce bambancin a fili yake, amma marubutan zamanin kansu sukan cakuɗa kalmomin, har mansiyo ta koma ma'aunin tafiya, wato nisan da ake ci a yini guda, kamar yadda Bahaushe zai ce tsakanin gari kaza da gari kaza zango uku ne.

Lissafin mutumin Bordeaux

Ziyara ta buɗe ne bayan 313, shekarar da sarki Konstantin ya halatta addinin Kirista a daular. Mahaifiyarsa Helena ta je Falasɗinu wajen 326, aka fara manyan gine-gine a Baitalami da Dutsen Zaitun, aka keɓe cocin kabarin Almasihu a 335. Tun kafin a gama wannan ginin, a 333, wani mutum daga Bordeaux ta ƙasar Faransa ta yau, wanda bai rubuta sunansa ba, ya kama hanya ta ƙasa: Arles, Milan, Akwileya, Sardika wadda ita ce Sofiya ta yau, Kustantiniyya, sannan ya ratsa tsakiyar Turkiyya ta Ankara da Tarsus zuwa Antakiya, ya gangara Urushalima.

Abin da ya bari kusan duk lissafi ne: sunan tasha, irinta, da yawan mil tsakaninta da ta baya. Daga Bordeaux zuwa Kustantiniyya ya ƙirga mil 2,221, da mutatiyo 230, da mansiyo 112. Mil ɗin Rumawa bai cika kilomita ɗaya da rabi ba, saboda haka tsakanin makwanci da makwanci ya kama kusan kilomita 30, iyakar abin da alfadari ɗauke da kaya ke iya ci kafin rana ta faɗi. Wannan lissafi shi ne taswirar da masu tono suka fi dogara da ita har gobe. In an ce tasha kaza tana mil tara daga gari kaza, sai a auna a kan ragowar hanyar Rum, a duba abin da ke wurin.

Sai dai jera sunan tasha ba hujja ba ce cewa mutum ya kwana a cikinta. Waɗanda aka tabbatar sun more dawakin gwamnati manya ne. Bishop Giregori na Nissa ya rubuta cewa sarki ne ya ba shi keken hukuma, har keken ya zame musu coci a kan hanya. Ɗan tarihi Ammiyanus ya koka cewa zirga-zirgar bishop-bishop zuwa taruka ta karya ƙashin bayan gidan wayar. Talaka kuwa hanyar kawai ya samu; makwanci shi da aljihunsa, ko shi da alherin mutane.

Dalilin da coci ta shiga gina masauki

Masaukin kuɗi ba shi da suna mai kyau. An san shi da giya da karuwanci. Dokokin coci na ƙarni na 4 sun hana malaman addini shiga mashaya, sai matafiyin da dare ya yi masa. Shi Giregori ɗin da aka ambata ya hana 'yan zuhudu, musamman mata, yin ziyarar gaba ɗaya, kuma cikin hujjojinsa akwai lalatar da ke masaukan Gabas. Tarihin Waliyyi Tiyodo na Sikeyon, wanda ya rasu a 613, ya nuna abin daga ciki: an haife shi ne a wani masauki da ke kan babbar hanyar Ankara, mahaifiyarsa da 'yar'uwarta da kakarsa ke riƙe da shi, mahaifinsa kuwa wani manzon sarki ne da ya kwana ya wuce.

Ga kuma umurnin addini na karɓar baƙo. Wajen 370 Bishop Basil na Kaisariya, a tsakiyar Turkiyya ta yau, ya gina unguwa guda ta baƙi da marasa lafiya a gefen birninsa. Bayan 386 Fola, wata attajira daga Rum, ta gina gidan baƙi a bakin hanya a Baitalami, da hujjar cewa a garin ne Maryamu da Yusufu suka rasa masauki. Abin ya yi tasirin da har akwai wasiƙar da ake dangantawa da sarki Juliyan, wanda ya bar Kiristanci ya koma addinin gargajiya, yana umurtar limaman gumaka a 362 su buɗe gidajen baƙi a kowane birni, domin da wannan ne Kiristoci ke jan mutane. Zuwa ƙarni na 6, lokacin da sarki Jastiniyan ya rage tashoshin gidan waya saboda tsadarsu, nauyin saukar matafiyi a wurare da dama ya riga ya koma wuyan coci.

Abin da mai tono ke nema

Alamomin sanannu ne. Gini a bakin hanya, da ƙofa mai faɗin da keken shanu zai shiga. Tsakar gida babba, ɗakuna masu girma ɗaya a jere kewaye da ita. Komin dabbobi na dutse, da huda a jikin bango ta ɗaure igiya. Rumbun ruwa da ya fi buƙatar iyali guda. Makewayi mai mazauni da yawa. Tukwane da tsabar kuɗi na garuruwa masu nisa. A Ambrusum ta kudancin Faransa, tashar da mutumin Bordeaux ya ambata, an tono jerin gidaje masu farfajiya da ƙofar keke, da gidan wanka da maƙera, a gefen gadar Rumawa. A Valesio ta kudancin Italiya, wadda ya bi a hanyarsa ta komawa, abin da ya fito shi ne gidan wanka na farkon ƙarni na 4. Waɗannan tashoshin hanya ne ba shakka. Amma ba abin da ke cikinsu da ya bambanta mai ziyarar ibada da soja ko ɗan kasuwa.

Hujja takan yi ƙarfi ne inda masaukin ya jingina da wurin ibada. Misali mafi kyau shi ne gidan zuhudun Martiriyus, a gefen hanyar Urushalima zuwa Yariko, wanda Yitzhak Magen ya tona tsakanin 1982 da 1985. An sami gidan baƙi a wajen ganuwa, kusa da ƙofa, da ɗakunan kwana, da bargarsa daban, da ƙaramar cocinsa daban. An ƙiyasta zai ɗauki mutum 60 zuwa 70. Tsarin ginin kansa yana bayani: a karɓi baƙo, a ciyar da shi da dabbarsa, a ba shi inda zai yi addu'a, amma kada hayaniyarsa ta shiga inda 'yan zuhudu ke kaɗaita. Gaba kaɗan a kan wannan hanya mai gangara da ta yi suna da 'yan fashi, akwai wurin da ake kira masaukin Basamariye. A can ma an sami gini mai farfajiya da coci na ƙarni na 6, a samansa kuma ragowar na zamanin yaƙin 'yan Salibiyya da na Turkawan Usmaniyya. Addini da mulki sun yi ta sauyawa, zangon bai gusa ba, domin nan ne tsakiyar tafiya. Gidan zuhudun Yutimiyus da ke kusa ma daga baya ya koma masaukin ayari mai suna Khan al-Ahmar, inda Musulmi masu ziyarar Nabi Musa, wurin da suke ɗauka kabarin Annabi Musa ne, ke yada zango.

Hujjar da ta fi kowace ita ce gini ya faɗi sunansa da kansa, kuma wannan ba ya yawan faruwa. A Deir Sim'an, arewa maso yammacin Halab a Siriya, a gindin tudun da Waliyyi Sim'an ya yi shekaru fiye da talatin yana ibada a kan ginshiƙi har ya rasu a 459, an sami rubutun Girkanci a dutsen ƙofa da ke cewa an gina wannan fandokeyon a 479. Ƙauye ne ƙarami da ya cika da manyan gidajen dutse masu bene da baranda, da hanya mai rumfunan kasuwa da ke hawa zuwa cocin ginshiƙin. Shekara ashirin kacal bayan rasuwar mutumin, saukar baƙi ta riga ta zama sana'ar garin.

A hamada ruwa ne ke yanka zango

Egeriya, wata mata daga yammacin daular da ta yi ziyara tsakanin 381 da 384, wadda aka gano rubutunta a garin Arezzo a 1884, da mansiyo take auna tafiyarta: ta ce Edessa, wato Urfa ta Turkiyya a yau, zango na 25 ce daga Urushalima. A hamadar gabashin Masar kuwa ta bayyana cewa kowane zango sansanin soja ne, sojoji na raka su daga wannan sansani zuwa na gaba, sai da suka hau babbar hanyar gwamnati ta sallame su. Wani mutumin Piacenza ta ƙasar Italiya da ya bi hanyar Sina'i wajen 570 ya ce raƙuma ne ke ɗaukar ruwa, ana auna wa kowa safe da yamma, in ruwan ya yi ɗaci a salka sai su zuba yashi don ya gyaru.

A irin wannan ƙasa zango sau da yawa ba gini ba ne, inuwar dutse ce kusa da rijiya. A Wadi Hajjaj na gabashin Sina'i, wato kwarin masu ziyara, abin da ya rage shi ne sunaye da alamar gicciye da gajerun addu'o'i da matafiya suka sassaƙa a jikin duwatsu da Girkanci da Armeniyanci, kusa da tsofaffin rubuce-rubucen Nabatawa, Larabawan da suka riga su bin hanyar.

Garin Nessana, ƙofar shiga hamada daga Negev, ya ba da abin da dutse ba ya iya bayarwa. A tonon 1935 zuwa 1937 an sami tarin takardun fafiras, wato takardar da ake yi da wata ciyawar ruwa, na ƙarni na 6 da na 7. Cikinsu akwai lissafin wani ayarin fatake da ya haɗa da ladan jagoran da ya kai su Dutse Mai Tsarki, wato Dutsen Sina'i. Akwai kuma umurni daga gwamnan yankin a shekarun 680, bayan mulki ya koma hannun Musulmi, cewa mutanen garin su ba da jagora zuwa dutsen. Ke nan ziyarar ba ta tsaya da sauyin mulki ba, kuma abin da zango ke sayarwa bai tsaya ga ɗaki ba: har da jagora, da raƙumi, da sanin inda ruwa yake.

Inda masana suka saɓa

Saɓanin farko a kan saurin laƙaba suna ne. Georges Tchalenko, wanda ya nazarci ƙauyukan dutse na arewacin Siriya a tsakiyar ƙarni na 20, ya ɗauki gine-gine masu baranda da dama a matsayin masaukai, bisa siffarsu da matsayinsu a kan hanya. Georges Tate da ya zo bayansa ya ce akasarinsu gidajen manoma masu hali ne, tunda su ma suna ajiye dabbobi a ƙasa su kwana a bene. Masu bin ra'ayin farko na cewa in aka jira sai an ga rubutu a ƙofa, ba za a taɓa gano masauki ba sai ƙalilan, alhali littattafan zamanin cike suke da ambatonsu. Masu ra'ayi na biyu na nuni da abin da ya faru a Portus, tashar jiragen ruwan Rum: ginin da aka tono a ƙarni na 19 aka ce shi ne gidan baƙin da Fammakiyus, wani attajirin Rum, ya gina wajen 398, da aka sake tona shi a baya-bayan nan sai ya tabbata coci ne. Darasin Portus ya sa yau akasarin masu bincike ba sa yarda da alama ɗaya; sai siffa da matsayi da kayan da aka samu sun haɗu.

Na biyu a kan daidaita suna da kufai ne. Wani rubutun yabon Waliyyi Mina na Kibɗawa ya ce wani babban jami'in sarki Anastasiyus mai suna Filoksenus ya gina tashar jiragen ruwa da masaukai a bakin tafkin Maryut, ya kuma sa a ajiye tulunan ruwa a kowane mil goma zuwa Abu Mina. Tun 1983 Mieczysław Rodziewicz ya ce kufan da aka daɗe ana kira Mareya shi ne wannan tasha, Filoksenite. Tonon 'yan Poland da aka fara a 2000 ya ƙarfafa maganar: an ga gari mai faɗin kusan hekta 13 da aka tsara a lokaci guda a ƙarni na 6, da madaidaitan tituna, da babbar coci, da gidajen wanka, da makewayai. Gari ba ya tashi haka dare ɗaya sai da dalili, kuma baƙin da ke ƙetare tafkin daga Iskandariyya su ne dalili mafi kusa. A Negev kuwa har yanzu ana ja-in-ja kan gidan baƙin Waliyyi Jojis da mutumin Piacenza ya ce yana mil 20 daga birnin Elusa: wasu na cewa Mizpe Shivta ne, wasu na cewa Nessana.

Na uku a kan adadi ne. Mutumin Piacenza ya ce gadajen marasa lafiya a gefen cocin Neya ta Urushalima, wadda aka keɓe a 543, sun haura 3,000. Siril na Sikitofolis, ɗan ƙasar da ya rayu a lokacin, ya ce asibitin baƙin da Jastiniyan ya gina gado 100 ne, aka ƙara ya kai 200. Baƙon da girman birni ya cika wa ido yakan ƙara gishiri. Shi ya sa ake fifita awon ɗakunan da aka tono a kan bakin matafiyi.

Abin da ya shafi talaka, jiya da yau

A wancan zamani hanya riba ce kuma kaya ce. Ƙauyukan da ke kusa da tashar gwamnati su ke ba da dabbobi da harawa da ƙwadago, dokokin daular kuma cike suke da gargaɗi kan jami'an da ke wuce gona da iri. Ziyarar ibada kuwa kuɗi take kawowa. Magina tukwanen Abu Mina sun yi ta ƙera 'yan butocin yumɓu masu hoton waliyyin tsakanin raƙuma biyu, baƙi na ɗebo ruwa ko mai a ciki. An tsinci irinsu har a gaɓar Ingila. Ba kowa ke samun ɗaki ba ko a can: farfajiyar gaban coci da barandojinta su ne makwancin marasa hali.

A yau abin ya fi taɓa mutum uku. Na farko mai ziyara, har da Kiristocin Nijeriya da ke zuwa Urushalima: ya kamata ya san cewa labarin Basamariye misali ne aka buga, cocin da aka tono a wurin da ake nuna masa kuwa mutanen ƙarni na 6 ne suka gina don tunawa da misalin. Na biyu manomin da ke maƙwabtaka da kufai. A Abu Mina, ban-ruwan sababbin gonaki ne ya ɗaga ruwan ƙarƙashin ƙasa har yumɓun da ke riƙe da tushen gine-ginen ya jiƙe, aka cika ɗakin kabarin da yashi don kada ya rufta, kafin gwamnatin Masar ta kafa injinan zuƙe ruwa. Ceton wurin na nufin sa ido na dindindin kan yadda ake ban-ruwa a kewayensa. Na uku shi ne wanda ƙasarsa ke cikin rikici. Gidan zuhudun Martiriyus yana tsakiyar Ma'ale Adumim ne, matsugunin Isra'ila a Yammacin Kogin Jodan da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ɗauka ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa. Isra'ila na cewa tonon ya ceci wurin, Falasɗinawa na cewa ana amfani da kayan tarihi don ƙarfafa riƙe ƙasa. A Siriya kuma harin sama na watan Mayun 2016 ya lalata ragowar ginshiƙin Sim'an.

Manyan wurare irin Abu Mina aƙalla suna da suna a littafin UNESCO. Ƙananan tashoshin tsakani, irin inda ake ajiye tulunan Filoksenus, ɗaki biyu ne da rijiya, garma ɗaya ta isa ta shafe su. Shi ya sa masu bincike da dama yanzu ke fara aiki da hotunan tauraron ɗan'adam da tsofaffin hotunan jirgin sama, su bi sawun hanyar mil bayan mil, su yi wa kowane tarin tsingaro alama kafin gona ko kwalta ta iso wurin.